DARASIN KIWO: YADDA SANIYA TAKE ƊAUKAR CIKI

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, darasinmu na wannan karo bisa saniya ne.

Kowa ya san amfanin saniya. Ita ce nonon yara da man miya. Ita ke haifa muna shanun noma. Ranar da hatsi ya ƙare a rumbu, ita ake dubawa. Amma duk wannan amfani bisa abu guda yake tsaye: haihuwa. Saniyar da ba ta haihu ba ba ta da nono. Tana cin ciyawa, tana shan ruwa, tana cin wahalar mai ita, shekara ta wuce ba ta biya kome ba.

Fari na shekarar 1973 da na 1984 sun halaka shanu da yawa a ƙasarmu. Garkunan da suka tashi bayan haka, da haihuwa suka tashi, maraƙi bayan maraƙi. Saboda hakanan ya kamata mai saniya, ko guda ɗaya gare shi, ya san yadda ciki yake farawa, da abin da ke ɓata shi.

Ku karanta sannu a hankali. In kun ƙare kashi guda, ku tsaya ku tattauna, kana ku wuce gaba.

1. KAYAN HAIHUWA NA SANIYA

A cikin saniya akwai gidan ƙwai biyu, ɗaya dama, ɗaya hagu. Kowane bai wuce girman dabino ba sosai. Nan ƙwan haihuwa yake nuna. Wannan ƙwai ba irin na kaza ba ne. Bai kai ƙwarar rairayi ba, sai da madubin likita ake ganin shi da kyau.

Daga kowane gidan ƙwai akwai wata siririyar hanya mai zuwa mahaifa. Mahaifar saniya tana da ƙaho biyu, a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Cikin ɗaya daga cikinsu ɗa yake zama. A bakin mahaifa akwai ƙofa mai tauri. Kullum a rufe take. Ba ta buɗewa sai lokacin neman sa da lokacin haihuwa.

Wanda yake so ya gani da idonshi, ya je mahauta ranar kasuwa. Mahauta sun san waɗannan abubuwa sarai.

Shi kuma sa, ƴaƴan marainanshi ne ke yin iri. In ya hau saniya sau guda, yana zuba ƙwayoyin iri miliyoyi. Kowace ƙwaya tana da kai da wutsiya, tana iyo. Cikinsu duka, guda ɗaya tak take shiga ƙwan saniya.

To, ciki kamar shuka ne. Sai da iri mai kyau, da ƙasa mai laima, da lokacin da ya dace. In ɗaya ya rasa, babu tsiro.

2. LOKACIN DA SANIYA TAKE NEMAN SA

Saniya mai lafiya wadda ba ta da ciki tana neman sa kowane kwana 21, watau sati 3. Wata takan yi a kwana 18, wata ta kai 24. Duka daidai ne.

Ga alamun da ake gani:

- Ba ta natsuwa. Tana yawan kuka, tana yawo, ba ta cin ciyawa sosai.
- Tana shinshinar sauran shanu, tana hawan su.
- Farjinta yana kumbura, cikinshi ya yi ja.
- Wani ruwa mai yauƙi, garau kamar farin ƙwai, yana zuba, yana manne wa wutsiya.
- Nononta yana raguwa a ranar.
- Gashin gindin wutsiya ya hargitse ko ya goge, don an hau ta da dare.

Alamar da ta fi duka ita ce wannan: in wata saniya ko sa ya hau ta, sai ta tsaya cik, ba ta gudu. Wadda ta tsaya ita ce mai nema. Wadda ta yi hawan, wataƙila lokacinta ne ya kusa.

Ku lura da kyau, wannan tsayawa ba ta daɗewa. Ga shanunmu masu tozo, sau da yawa ba ta wuce rabin kwana. Kuma galibi da dare ne ko da asuba, lokacin da gari ya yi sanyi. Shi ya sa mutum yakan ce saniyarshi ba ta neman sa, alhali ta nema yana barci.

Mai saniyar turke, wanda ba ya da sa a gida, shi ya fi kowa hasara a nan. In ya kuskure rana guda, sai ya jira sati 3. In ya kuskure sau 4, wata 3 sun tafi a banza.

Magani shi ne duba. A tsaya a dubi shanu sau 2 kowace rana: da asuba kafin tatsa, da maraice bayan sun komo kiwo. Mata masu tatsa da yara masu kiwo su ne suka fi gani. A koya musu waɗannan alamu, kuma in sun faɗi a saurare su.

Kwana 1 ko 2 bayan nema, wani lokaci akan ga ɗan jini a wutsiya, musamman ga karsana. Ba ciwo ba ne. Ba ya nuna ta ɗauka, ba ya nuna ba ta ɗauka ba. Abin da yake nunawa shi ne lokacin ya wuce. Sai a ƙirga kwana 18 ko 19 daga ranar, a sa ido.

3. WANE LOKACI ZA A KAI TA GA SA?

Ƙwan saniya ba ya fita lokacin da take tsayawa. Sai bayan ta daina tsayawa da kamar awa 10 zuwa 12 yake faɗowa cikin siririyar hanyar nan. In ya fito kuma, ba ya da tsawon rai. In bai gamu da iri ba cikin rabin kwana, ya lalace.

Shi irin sa yana rayuwa kamar kwana guda cikin saniya. Amma ba ya iya shiga ƙwai da zuwanshi. Sai ya yi kamar awa 6 a ciki kafin ya shirya.

Kun ga ke nan, iri ne ya kamata ya riga zuwa, ya jira ƙwai. In an yi gaugawa ƙwarai, iri ya mutu kafin ƙwai ya fito. In an makara, ƙwai ya tsufa kafin iri ya iso.

Inda sa yake cikin garke dare da rana, shi ya san aikinshi, ba ya bukatar a koya mishi. Amma mai jan saniya zuwa gidan mai sa, ga abin da zai riƙe:

- In ka ga tana tsayawa da safe, a hau ta kafin dare, a ranar nan.
- In ka gani da maraice, a hau ta a daren, ko gobe da sassafe.

Kada ka ce sai ranar kasuwa. Kada ka ce sai ka gama noma. Saniya ba ta jiran ranar kasuwa.

In hanya da nisa, a tafi da sanyin safe ko na maraice, ba duka, ba gudu. Bayan barbara a bar ta ta huta a inuwa.

Ranar nan kuma, ka ɗauko kaye ka rubuta: sunan saniya, ranar barbara, da san da ya hau ta. Ga amfanin karatun da kuke yi.

4. KWANA 40 NA FARKO

Cikin siririyar hanyar nan iri yake gamuwa da ƙwai. Da ƙwaya guda ta shiga, sai ƙwai ya rufe, sauran ba su samun hanya. Daga nan rai ya soma, da ikon Allah.

Namiji za a haifa ko mace? Tun a wannan lokaci abin ya ƙare, kuma daga irin sa yake. Rabin ƙwayoyin na maza ne, rabi na mata. Wadda ta riga shiga ita ce. Don haka kada a ga laifin saniya in maza take haihuwa.

Ƙwan yana rabuwa gida 2, ya koma 4, ya koma 8, yana gangarawa sannu. A kwana na 4 ko na 5 yake isa mahaifa. Lokacin nan bai kama kome ba tukuna. Yana yawo ne cikin wani ruwa da mahaifa take yi mishi, da shi yake rayuwa.

A gidan ƙwai kuma, wurin da ƙwan ya fita, wani ƙullutu mai ruwan ɗorawa yana tsirowa. Mu kira shi mai gadin ciki. Yana zuba wani sinadari cikin jini. Wannan sinadari ne yake rufe ƙofar mahaifa, ya kwantar da ita, ya hana saniya sake neman sa.

Ga wurin da ya fi wuya. Wajen kwana na 16, tilas ɗan tayin ya ba uwa labari cewa yana nan. Yana yin haka da wani sinadari nashi. In labarin ya isa da ƙarfi, mai gadi ya zauna, ciki ya tsaya. In ɗan tayin ya raunana, labarin bai isa ba, sai jikin uwa ya rushe mai gadi. Ƙofa ta buɗe, ɗan tayi ya ɓata, saniya ta koma neman sa a kwana 21 kamar ba a yi kome ba.

Mai saniya sai ya ce: "San nan ba ya da kirki." Alhali ta ɗauka, cikin ne ya zube ba wanda ya gani. Masana kiwo sun gano cewa yawancin cikin da ke ɓaci, cikin sati 3 na farko yake ɓaci.

Bayan sati 3 ɗan tayi yake soma manne wa mahaifa. Jikin mahaifa yana da wasu ƙulle-ƙulle kamar maɓalli, kusan 100. Ta nan abinci yake wucewa daga uwa zuwa ɗa. Mabiyiya ma tana da irinsu masu manne musu, su ne kuke gani jikinta bayan haihuwa. Mannewar ba ta yin ƙarfi sai wajen kwana 40.

To, mi ke kashe ɗan tayi a waɗannan kwanaki?

- Yunwa. Saniyar da take ramewa, jikinta ba ya riƙon ciki.
- Zafin rana, musamman a satin farko.
- Zazzaɓi da sauran cuta.
- Doguwar tafiya, da ƙishirwa, da duka.
- Magani barkatai. Maganin tsutsa mai suna albendazol ba a ba saniya shi cikin kwana 45 na farkon ciki, yana iya lalata ɗan. Wasu allurai na kumburi kuma suna sa ɓari ga tsohon ciki. Kada a sayi allura a tebur a soka wa saniya. A tambayi likitan dabbobi, kuma a gaya mishi ranar barbara.

Ke nan wata guda da rabi bayan barbara, a lallaɓa saniya: abinci, ruwa, inuwa, hutu.

5. YAYA ZA A SAN TA ƊAUKA?

Hanya ta farko ba ta cin ko dala. Duba kayenka, ka ƙirga kwana 18 daga ranar barbara. Daga nan har kwana na 24 ka sa ido safe da maraice. In ba ta nema ba, alama ce mai kyau. Ka sake duba wajen kwana na 42. In nan ma shiru, mai yiwuwa ta ɗauka.

Amma a yi hattara. Ramammiyar saniya takan daina nema ko ba ta da ciki. Mutum ya yi wata 9 yana jiran maraƙi, babu kome. Akwai kuma kaɗan masu ciki da ke nuna kamar suna nema.

Hanya ta biyu ita ce tabbatacciya. Likitan dabbobi yana sa hannu ta dubura ya taɓa mahaifa. Daga wata 2 yana iya faɗa maka ko akwai ciki, da kimanin watanninshi. Inda akwai na'urar hoton ciki, tun wata guda ana gani. Wannan aikin wanda ya koya ne. Wanda bai koya ba kada ya gwada, yana iya kashe ɗan.

Ga girman ɗan a cikin uwa:

- Wata 2: kamar ɗan ɓera.
- Wata 4: kamar ƴar kyanwa.
- Wata 6: kamar ƙaramin kare.

Daga wata na 6 ko na 7, in ka danna gefen dama na cikin a hankali, kana jin ɗan.

Sanin nan yana hana babbar hasara. Shanu da yawa ana kai su kasuwa a ce ba su haihuwa. Sai an yanka a tarar da ɗa a ciki. An sayar da biyu a kuɗin guda. Kafin ka sayar da saniya, a duba ta.

6. ƘIRGAR WATANNI DA CIYARWA

Cikin saniya yana yin kamar kwana 285. Da kalanda, wata 9 ne da kwana 10. In da watan sama kake ƙirga, wata 9 ne da kwana 20. Kwanaki kaɗan gaba ko baya ba kome.

Misali:

- Barbara 1 ga Agusta: haihuwa wajen 11 ga Mayu.
- Barbara 15 ga Satumba: haihuwa wajen 25 ga Yuni.
- Barbara 1 ga Oktoba: haihuwa wajen 11 ga Yuli.

Ku dubi waɗannan ranaku da kyau. A ƙasarmu shanu sun fi ɗaukar ciki da damana da farkon kaka, lokacin da suka ƙoshi da ɗanyar ciyawa. Ke nan tsohon ciki yana faɗawa cikin Maris, Afrilu da Mayu. Lokacin nan daji ya ƙare, rana ta yi zafi, rijiya ta yi zurfi.

Ga shi kuma a wata 3 na ƙarshe ɗa yake yin yawancin girmanshi, fiye da kashi 2 cikin 3 na nauyinshi. Yana jan abinci daga jikin uwa, ko ta ci ko ba ta ci ba. Shi ya sa da bazara mai tsohon ciki ce take fara kwanciya, sai an tada ta da itace. In ta haihu a rame, maraƙin ba ƙarfi, nono kaɗan, kuma takan yi watanni da yawa ba ta sake neman sa ba.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Abincin bazara tun kaka ake tanadin shi:

- A tara harawar wake da ta gujiya tun suna da ganye, a aje bisa rumfa ko cikin ɗaki, inda rana da gara ba su ci.
- A kwashe karan hatsi da na dawa, kada a bar su a gona.
- A tsinci ƴaƴan gawo. Abinci ne mai gina jiki, kuma da rani yake zuba.
- A sayi dusa da angurya tun da araha.

Abinci in ya yi kaɗan, kada a raba wa garke duka. A fid da masu tsohon ciki da masu sabuwar haihuwa, a ba kowace kilo 1 zuwa 2 na dusa ko angurya a rana, da damin harawa. A sa musu gishiri ko kanwa su lasa. Ruwa kuma kullum, litar 30 ko fiye da zafi. In kun ga saniya tana tauna ƙashi ko tsumma ko leda, jikinta ne ya rasa gishirin da yake bukata. Makiyayan da ke kai dabbobi shan gishiri Ingal kowace damana sun san amfanin wannan tun kaka da kakanni.

Wata 2 kafin haihuwa a daina tatsa, a yaye babban maraƙi, don hantsa ta huta.

7. SA RABIN GARKE NE

Saniya tana ba ka ɗa guda a shekara. Sa guda yana iya zama uban ƴaƴa 25 ko 30 a shekara. Kowane ɗa, rabin halinshi na uwa ne, rabi na uba. Saboda hakanan zaɓen sa ya fi zaɓen saniya nauyi.

Wane sa za a aje?

- Wanda uwarshi take da nono, kuma take haihuwa a kai a kai. Yawan nono yana bin jinin uba zuwa ga ƴaƴanshi mata.
- Mai ƙafafu lafiyayyu. Gurgun sa ba ya hawa.
- Mai maraina biyu, manya, daidai da juna, ba kumburi, ba ƙurji.

Irin sa yana ɗaukar kamar wata 2 kafin ya nuna. In sa ya yi zazzaɓi ko ya rame yau, irinshi yana iya yin rauni har wata 2, ko da ka ga ya warke yana hawa. Wanda yake son barbarar Agusta, ya ciyar da sanshi tun Yuni. Amma kada a cika mishi angurya, yawanta yana raunana iri.

In saniya guda ce take ta komowa, a dubi saniyar. In shanu da yawa ne suke komowa bayan sa guda, a dubi san.

Kada sa ya hau ƴarshi ko uwarshi ko ƙanwarshi. Jini in ya yi kusa, ƴaƴa suna fitowa ƙanana, ba ƙarfi, ba yawan haihuwa. Bayan shekara 3, a musanya sa da na wani gari. Sauran mazan da ba a zaɓa ba a yi musu fiɗiya, su zama na noma da na kasuwa.

Muna da irin shanu masu kyau: Azawak mai nono, da Bororo mai jimirin tafiya, da Gudali, da Jelli na bakin kogi, da Kuri na tabkin Cadi. A gidan kiwo na Tukunus, kusa da Filinge, an yi shekaru da yawa ana zaɓen shanun Azawak. Akwai kuma hanyar ɗura wa saniya irin zaɓaɓɓen sa da hannun likita, ba tare da an kawo san ba. Ita ma sai an san ranar nema daidai take ci. Amma kowane iri aka kawo, ba ya kama saniya mai yunwa.

Karsana kuma kada a bari a hau ta tana ƙarama. A jira ta kai kashi 2 cikin 3 na girman uwarta. Girman jiki ake dubawa, ba shekaru kaɗai ba. Karsanar da ta ƙoshi tun tana maraƙa tana riga tsararta haihuwa da shekara guda ko fiye. Kada a haɗa ƙaramar karsana da ƙaton bijimi, don kada ɗa ya gagara fita.

Abu guda kuma: in saniya ta haifi tagwaye, mace da namiji, macen galibi ba ta haihuwa, kamar 9 cikin 10. Kada a aje ta don iri.

8. ƁARI DA LAFIYAR IYALI

In saniya ta yi ɓari a wata na 6, na 7 ko na 8, a ji tsoron cutar bakkale. Ita ce kuma ke kawo kumburin gwiwa ga shanu. Tana cikin ɗan da ya zube, da mabiyiya, da ruwan haihuwa, da nono. Sauran shanu suna kamuwa in sun lasa. Mutum ma yana kamuwa: zazzaɓi mai tafiya yana komowa, zufa da dare, ciwon gaɓoɓi. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin sauro ne.

Akwai kuma wani zazzaɓin dabbobi da sauro yake yaɗawa da damana mai ruwa da yawa. A shekarar 2016 ya ɓulla wajen Cintabaradan, cikin jihar Tawa. Dabbobi suka yi ta ɓari, mutane suka kamu, wasu suka rasu.

In an yi ɓari:

- Kada a taɓa da hannu tsirara. A sa leda a hannu.
- A gina rami mai zurfi a binne ɗan da mabiyiya, inda kare ba ya tonawa.
- A ware saniyar daga garke har ruwan ya daina zuba.
- A wanke hannu da sabuni.
- Mace mai ciki kada ta kusanci wurin.
- A tafasa nono kafin a sha, kafin a sa shi barci.
- In ɓari ya yi yawa cikin gari, a gaya wa ma'aikatan kiwo ba da jinkiri ba.

Rigakafi ya fi magani.

9. BAYAN HAIHUWA

Maraƙi ya sha dakashi tun cikin awa 6 na farko, ya ƙoshi. Shi ne rigakafinshi na farko. Kada a zubar.

Mabiyiya takan faɗi da kanta cikin ƴan awoyi. In ta kwana ta wuni ba ta faɗi ba, a kira likita. Kada a ja da ƙarfi, kada a ɗaura mata dutse. Mahaifar da ta ji ciwo ko ta ruɓe ba ta saurin ɗaukar wani ciki.

Mahaifa tana bukatar kamar kwana 45 ta koma daidai. Daga wata 2 bayan haihuwa ana iya kai saniya ga sa.

Ga lissafi. Shekara kwana 365 ce. Ciki kwana 285. Saura kwana 80. Wanda yake son maraƙi kowace shekara, tilas saniyarshi ta ɗauka cikin kwana 80 bayan haihuwa. A daji wannan da wuya. Amma ko ba a kai nan ba, ana iya matsowa. Saniya mai haihuwa kowane wata 24, cikin shekara 8 ƴaƴa 4 take bayarwa. Mai haihuwa kowane wata 16, ƴaƴa 6. Ƴaƴa 2 ke nan na ƙari, da nononsu, daga saniya guda.

Saniyar da aka hau sau 3 ba ta ɗauka ba, a kai ta ga likita. In ba magani, a ciyar da ita a sayar, a sayi karsana.

ABIN DA ZA A RIƘE

1. Saniya tana neman sa kowane sati 3, kuma ba ta daɗewa.
2. A duba da asuba da maraice. A rubuta ranar barbara.
3. Kwana 45 na farko da wata 3 na ƙarshe su ne masu haɗari.
4. Harawar kaka ita ce maraƙin bazara.
5. A zaɓi sa, a musanya shi bayan shekara 3.
6. A binne abin ɓari, a tafasa nono.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Wace alama ce ta fi nuna saniya tana neman sa?
2. An hau saniya ranar 10 ga Satumba. Wace rana za a soma sa ido ko za ta komo? Wane wata za ta haihu?
3. A garinku, shanu nawa suka haihu bara? Nawa ba su haihu ba? Mi ya sa?
4. Mutanen gari suna iya haɗa kuɗi su sayi zaɓaɓɓen sa guda? Wa zai riƙe shi, wa zai ciyar da shi?

Malamin karatu ya zana gida 4 bisa allo: sunan saniya, ranar barbara, sunan sa, ranar haihuwa. Kowa ya kwafa cikin kayenshi, ya soma cikawa tun daga wannan sati. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa maƙwabcinshi.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya yawaita garke.